Amsar tambayarka kan damin godiyar kaka

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, wayar ce ba caji sai yau da ƙaninka ya kai ta kasuwa. Ka ce wani ɗan cocinku a birni ya yi maka dariya wai mu nan har yanzu dami muke ɗauka a ka mu kai majami'a ranar godiyar kaka, wai ragowar maguzanci ne, kana so ka ji ko haka ne. To bai yi ƙarya duka ba, amma rabin zancen ya sani.

Kakanka Bamaguje ne, wannan ba abin ɓoyo ba ne. A da ba mai kai sabuwar dawa baki sai maigida ya fid da rabon iskoki, a yanka kaza, a dafa giya, sannan gida ya ci. Ni ma na riski ƙarshen abin ina ɗan yaro, naman kazar ma mu muke wawa.

Bishara kuwa ba da wuri ta iso mu ba. A 1900 'yan mishan, Likita Mila da su Bishop Tugwel, sun zo har Kano Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito, bayan Turawa sun ci ƙasar ma gwamnatinsu ba ta yarda mishan su shiga ƙasar sarakuna yadda suke so ba. Sai cikin shekarun 1930 aka ɗan buɗe wa ƙungiyar mishan ta SIM ƙofa, ita ma ta hanyar magani ce, aikin kutare irin na Yadakunya, daga baya asibitin ido na Kano, ga kuma tasha a Roni can ƙasar Kazaure. Namu na farko a wajen jinya suka ji, mutum ya tafi maganin kuturta ya shekara biyu ko uku ya dawo ya iya karatu, ga littafin waƙoƙi a aljihu. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya riga ya fito cikakke tun 1932, ka ga ba a bukaci tafinta ba.

A gindin tsamiya aka fara sujada a unguwarmu, mutum bai fi a ƙirga da yatsu ba, sannan rumfar kara, sannan ginin laka, ƙararrawar ma tsohon ƙarfen taya ne aka rataye a reshe. Da aka samu mai bishara wanda ya yi makarantar Baibul ta Tofa ya zo da matarsa da akwati ɗaya, me za a biya shi da shi? Kuɗi sai an sayar da gyaɗa ake ganinsa, shi ma haraji na jira. Sai aka yanka masa gona ana yi masa gayya, da kaka kowane gida ya kawo dami, aka gina rumbu a bayan majami'a. Daga rumbun nan yake ci, in damina ta yi tsakiya hatsi ya ƙare a gidaje a buɗe a ɗiba wa gwauraye da marayu.

An yi gardama fa, kar ka ce ba a yi ba. Wasu suka ce duk abin da ya yi kama da na da a watsar, har aka buɗe Littafin Firistoci sura 23 inda aka ce a kawo damin nunan fari wurin firist, nan bakin kowa ya mutu. Abin da aka bari shi ne yanka da jini da giya, giyar ma kakanka ya sha fama kafin ya rabu da ita. Kuma ka duba maƙwabtanmu Musulmi, ai su ma dami ɗaya cikin goma suke fitarwa zakka, ban ji wanda ya ce musu maguzanci ba ne.

Sunan cocinmu ECWA sai 1954 ya zo, rumbunmu kuwa tun ana ce mana 'yan mishan yake, har gobe ma wasu haka suke kiranmu. Ni dai ambulan ɗin kuɗin godiya da ake bayarwa a birni ban raina ta ba, mai albashi da albashinsa zai yi godiya, amma manomi ya sayar da hatsi da araha lokacin kaka don kawai ya sa takarda a faranti, wannan ban ga hikimarsa ba.

Bana sai an gama yankan dawa za a sa rana, zan faɗa maka. In ba za ka samu zuwa ba ka turo abin da ya sawwaƙa in saya maka dami biyu a kai da sunan gidanku. Ka gai da mai ɗakinka da yaran.