Amsa ga almajirina kan lissafin haɗuwar taurari

Ɗana, ka tambaye ni ko a dogara da manhajar waya wajen sanin daren da taurari biyu za su matso juna, tunda manhajoji biyu sun ba ka lokaci daban. A dogara da ita. Ni ma da ita nake aiki.

Tafiyar waɗannan taurari a kan ƙa'ida Allah Ya ɗora ta. Mushtari (Jupiter) na zagaye rana cikin kusan shekara 12, Zuhal (Saturn) kuwa shekara 29 da rabi, shi ya sa duk bayan kimanin shekara 20 Mushtari ke cim masa. Haɗuwarsu ta 21 ga Disamba 2020 an lissafo ta tun da daɗewa, kuma ta zo yadda aka faɗa: tazararsu kashi ɗaya cikin goma na digiri, wato kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata. Rabon su da matsowa haka tun 1623. Za su sake haɗuwa a 2040, amma irin wannan kusanci sai Maris 2080. A ido ne kawai suke kusa. A wancan daren na 2020 akwai fiye da kilomita miliyan 700 tsakaninsu.

To daga ina saɓanin? Ba abu ɗaya manhajojin ke kira haɗuwa ba. Wata tana nufin lokacin da taurarin suka daidaita a ma'aunin da ke bin hanyar rana, wata a ma'aunin da ke bin layin tsakiyar duniya, wata kuma lokacin da tazarar ta fi ƙanƙanta. Tsakaninsu ana samun awanni. Duba agogo kuma, jadawali da yawa da GMT suke, mu muna gaba da awa ɗaya. Idan manhajar Stellarium ka buɗe, sa mata Gusau, kada ka bar ta a Legas, don tsayin tauraro da lokacin faɗuwarsa sukan canja da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne hazo. Manhaja ba ta san hunturun Zamfara ba. Sai ta ce ga su can yamma bayan magariba, alhali ƙura ta rufe ƙasan sama.

Don haka ka fara fita tun saura mako guda. Miƙe hannunka sosai. Faɗin ƙaramin yatsanka kusan digiri ɗaya ne. Auna tazarar kowane dare, ka rubuta da lokacinta, ranar Juma'a ka kawo mini littafin mu gwada da abin da wayar ta ce.