Tsohuwa ta ba ni celo mai sunan Stradivari a Italiya, zan iya kai ta Landan in sayar?

Ɗan'uwa, na karanta saƙonka, ka ce tsohuwar da kake kula da ita a Biresha ta ba ka celo kyauta, wato babban gogen nan na Turawa, ka leƙa ciki ka ga takarda da sunan Stradivari, yanzu kana so ka sa ta a jirgi zuwa Landan. Don Allah dakata tukuna.

Wannan takardar da ke manne a ciki ba hujja ba ce ko kaɗan. Antonio Stradivari, shahararren maƙerin goge, ya rasu a garin Kiremona na Italiya a 1737, celo ɗinsa da suka rage a duniya ba su wuce 60 da 'yan kai ba, kuma kusan kowacce an san hannun da ta bi, kamar wadda ake kira Duport ta 1711 da ta zauna wajen makaɗin Rasha Rostropovich. Amma a ƙarni na 19 masana'antun Jamus da na Mirkur a Faransa sun ƙera dubbai suna manna sunansa don nuna samfurin da suka kwaikwaya. Yawanci irinsu ake tsinta a gidaje. Ƙwararre ne zai raba gardama, ya duba ƙirar kai da fenti, a ƙirga zoben katakon saman don a gane shekarar zoben ƙarshe, tunda ba za a ƙera ta kafin wannan shekarar ba, sannan a bincika kundin Cozio na tarihin tsofaffin goge, wanda kamfanin gwanjo na Tarisio ke riƙe da shi, da rajistar kayan sata, musamman abin da aka ƙwace a zamanin 'yan Nazi, tsakanin 1933 zuwa 1945.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne maganar kyautar. A dokar Italiya kyauta sai an yi ta gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, da shaidu, sashe na 783 na kundin dokar farar hula ya yafe wannan ne kawai in abin mai ƙaramar daraja ne. Kaga kenan in ta tabbata ta Stradivari ce ko ta wasu manyan maƙera irin su Goffriller ko Montagnana na Benis, kyautar baki ba ta zauna ba, gobe magada za su iya cewa ka dawo da ita, wani ma ya ce ka yaudari tsohuwa, kai kuma baƙo ne mai aiki a gidan, wallahi ba na so ka shiga wannan halin. Tunda tana raye da hankalinta, ku je wajen notari yanzu, 'ya'yanta su sani, ka tambaye ta rasit ko tsohon hoto ko wasiƙar da ke nuna inda ta samo ta.

Fita da ita kuma, kayan tarihi da suka haura shekara 70 sai sun bi ta ofishin fitar da kaya na ma'aikatar al'adu, kuma gwamnati na iya hanawa. Fitarwa ba izini laifi ne da ɗaurinsa ke kaiwa shekara 8. In akwai hauren giwa a jikin sandar gogawa, takardar CITES, wato izinin fitar da sassan dabbobin da aka kare, ita ma ta shigo.

Kar ka bari kowa ya goge fentin ko ya buɗe cikinta, kar ka rubuta "Stradivari" a talla kafin ƙwararre ya sa hannu. Kiremona ba nisa daga inda kake, ka fara kai ta can a duba, sannan ka ɗauki lauya ɗan ƙasar ya rubuta takardar kyautar.