Akurkin gidanmu a Gadarif

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko mu Hausawan Sudan har yanzu muna kiwon kaji a tsakar gida irin na Kano, ko kuwa zama cikin Larabawa ya sa mun bar wa kasuwa. Muna yi, sosai ma. A unguwarmu da wuya ki yi sallama a gida ba ki ji kaza na kyarkyara a bayan ɗaki ba.

Ni a Gadarif nake, gabashin Sudan, ba nisa da iyakar Habasha. Kakan mahaifina ne ya baro ƙasar Haɗejiya a ƙafa da niyyar Hajji, shekaru kaɗan bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ya yada zango a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi kusa da Sennar, daga can kuma noma ya jawo 'ya'yansa nan. A nan aka haife ni, ban taɓa taka Najeriya ba, amma kiwon da nake yi a hannun kakata na koye shi, ita ma a hannun tata uwar.

Kajinmu ana ce musu jidad baladi, wato dai abin da kuke kira kajin Hausa. A cikinsu na fi son mai tsiraicin wuya, wadda ba gashi daga maƙoshi zuwa ƙirji. Ba ta da kyan gani, yara ma ba sa zaɓenta, amma idan watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, sauran suna haki baki buɗe, ita tana tononta. Lokacin nan za ki ga duk garken sun taru ƙarƙashin zir, randar da muke ɗorawa a kan ƙarfe, sun kwanta a laimar da take ɗiga. Ruwa a garin nan abu ne mai daraja, sau da yawa a hannun mai jaki muke saye, shi ya sa na ajiye tasa a gindin randar, ɗigon nan ba ya tafiya a banza.

Abinci kuwa Allah ya rufa mana asiri. Gadarif garin dawa da riɗi ne, da su aka san ta a duk faɗin Sudan. Dawar da muke kira fatarita, wadda ake kisra (siririyar gurasarmu) da asida (tuwonmu) da ita, tsakinta da dusarta na kaji ne. Idan an matse man riɗi, abin da ya rage shi ne umbaz, ɗan'uwan tunkuzarku ta gyaɗa. Nakan daka kaɗan in gauraya da dusa, musamman ga masu yin ƙwai, domin dawa zalla tana cika ciki ne kawai, ba ta gina jiki yadda ake so. Ɓawon ƙwai ma ba na zubarwa. Ina gasa shi sama-sama, in niƙe shi lukui, in barbaɗa musu. Dole a niƙe, don kazar da ta gane ɓawo a siffarsa, gobe ƙwanta za ta fasa ta sha.

Amma abincin da ya fi duka, gara ce. Kakata kan samu tsohuwar tukunya, ta cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa, ta kife ta da yamma inda ta ga gara na fita. Da sassafe a ɗaga, a zazzage wa 'yan tsaki. Zo ki ga wawaso! Ɗan tsakon da ya samu gara a makonninsa na farko, ƙarfinsa daban ne. Yanzu aikin ɗana na uku ke nan, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa tukunya.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ki gane game da mu. A gidajenmu kaza ba ta maigida ba ce, ta mata da yara ce. Yaro na shiga makarantar allo, kakarsa ko gwaggonsa za ta ba shi sagara, a ce wannan taka ce. Shi zai buɗe mata akurki bayan Asuba, shi zai ƙirga ƙwanta, shi zai yi kuka ran da shirwa ta sure masa ɗan tsako. In ya yi haƙuri ta yi ƙyanƙyasa biyu ko uku, sai a sayar da zakaru a haɗa masa kuɗin 'yar akuya. Babbar 'yata da haka ta mallaki akuyarta ta farko tana shekara 11.

Kuma akwai abin da na daɗe ina lura da shi. 'Ya'yana Larabci suke yi a makaranta, Larabci a titi, har a tsakaninsu ma shi ya fi zuwa bakinsu. Wani lokaci abin na damuna ƙwarai. Amma da sun zo bakin akurki sai harshe ya juya. Ba wanda ya taɓa kiran akurki da wani suna. Kwanci kwanci ne, tsaki tsaki ne, sagara sagara ce. Maƙwabtanmu Larabawa hidayya suke ce wa shirwa, yarana sun san kalmar sarai, amma in ta kawo sura, "Shirwa! Shirwa!" za ki ji sun kwarara, kamar a Haɗejiya. Dalili kuwa a fili yake: wannan aiki daga bakin kakanni suka karɓe shi, ba malamin da ya taɓa koya musu shi da Larabci.

Kwanci ba ya ba mu wahala. Kazar baladi kan yi ƙwai goma sha wani abu, sai ta kwanta, kwana 21 ta fito da 'ya'yanta. Ina bar mata goma, in shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ƙasa saboda ƙuma, in tara toka a kusurwa inda za ta yi birgima. Wajen kwana na goma nakan haska ƙwan da fitilar waya cikin duhu, wanda na ga ba jijiya a cire shi kafin ya ruɓe. Damina ce mai wuya. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsage, da ruwa ya sauka ta kama ƙafa kamar danƙo, har ta dunƙule a yatsun 'yan tsaki. Daga Yuli zuwa Satumba a kan tudun yashi nake ajiye kwandonsu, ƙarƙashin rumfa.

Sai maganar magani, inda kika ce kin ji ana kiwo ba allura ba komai. Zan gaya miki gaskiyar abin da na gani. Akwai annobar da muke kira samir, likitocin dabbobi na ce mata Newcastle: kaza ta takure, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe. Wata shekara na sayo zakara a kasuwa na sake shi cikin garke a ranar. Cikin kwana goma, kaji 27 suka koma 4. Ba abin da ban jiƙa ba, barkono, tafarnuwa, ganyen darbejiya, ko ɗaya bai tsayar da ita ba, domin ƙwayar cuta ce da ba ta da magani in ta kama, rigakafi kaɗai ke tare ta. Ranar da ƙaramar 'yata ta ɗauko kazarta a mace ta kawo mini, na ƙudura ba zan sake ba. Yanzu baƙuwar kaza sai ta yi mako biyu a ware, kuma duk bayan wata uku zuwa huɗu muna haɗa kuɗi da matan layinmu a sayo rigakafin da ake ɗigawa a ido, kwalba ɗaya ta ishi gidaje da yawa. Ban sa musu maganin ƙiba, ban kulle su, suna tono suna wankan toka, amma rigakafi ba na wasa da shi, ke ma kada ki yi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023, kajin nan sun wuce abin sha'awa. Da birnin Wad Madani ya faɗi a Disamban shekarar, 'yan'uwanmu mutum tara da suka gudo suka sauka a gidan nan, yawancinsu yara. Nama ya gagari aljihu, sai ƙwan safe ya zama abin da ake rabawa, ƙanana tukuna. Da ƙanwar mijina ta tashi komawa gida, ba turare ba atamfa a hannuna. Sagara biyu da zakara ɗaya na ɗaure mata a kwando, na haɗa da mudun fatarita. Kwanan baya ta aiko cewa ɗaya ta ƙyanƙyashe takwas, kuma ɗanta ya riga ya nemi tsohuwar tukunya.