Ga ƙanena mai son zuwa Japan aikin mota

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka, kace ka gama difloma a kanikanci kana aiki a gareji a Kaduna, burinka ka zo Japan ka shiga kamfanin mota ko ka ƙaro karatu, kuma wani ejan yace ka kawo kuɗi zai sama maka bizar aiki a Toyota kai tsaye. Sannan kana tambaya wai da gaske ne mutanen nan aiki har kashe su yake yi.

Bari in fara da ejan ɗin. Don girman Allah kar ka bashi ko sisi. Ka tuna watan Agustan 2025 lokacin taron TICAD, wato taron Japan da ƙasashen Afirka, a Yokohama, da JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ta haɗa garin Kisarazu da Najeriya da sunan zumunci, labari ya bazu a gida wai an ware mana gari guda har da biza ta musamman, gwamnatin Japan ta fito tace sam babu wannan maganar, kafin ƙarshen Satumba ma an soke shirin gaba ɗaya. Irin wannan labarin 'yan damfara ke riƙewa su yi ta yankar mutane. Baƙin da zaka gani a masana'antun nan da yawansu 'yan Brazil ne jikokin Japanawa, waɗanda dokar 1990 ta buɗe wa ƙofa, sai 'yan Vietnam da Filifin da Indonesiya da suka shigo ta yarjejeniyar gwamnatocinsu. Ba bizar da ake saye a hannun wani bane.

Ni a jihar Aichi nake, inda hedikwatar Toyota take, ina aiki a wani ƙaramin kamfani dake ƙera sassan mota yana kai wa manyan. In ance aiki ƙarfe takwas, to takwas saura kwata kowa na tsaye da kakinsa, a yi ɗan motsa jiki, shugaban layi ya karanto abinda ya samu matsala jiya da wanda zai bi kansa yau. Kowane sifana an zana siffarsa a jikin allo, in babu shi a wurin daga nesa kowa ya gani. Zaka ga dattijo mai furfura ya tsaya gaban inji ya nuna ma'auni da yatsa ya ɗaga murya yace "yoshi", wato yayi daidai, kafin ya danna, kullum, ko da ba mai kallonsa, don ido da baki da hannu su haɗu kar a yi kuskure.

Amma abinda nafi so ka gane shi ne maganar igiya. A layin haɗa mota akwai igiya ko maɓalli kusa da kowane ma'aikaci, in ka ga noti bai zauna daidai ba sai ka ja, fitila ta kama, shugaba ya rugo, in ba'a warware ba kafin motar ta wuce wurinka layin ya tsaya cak. Sabon yaro ma yana da ikon nan, kuma ba zagi zai sha ba, godiya za'a yi masa. Ka kwatanta da garejinmu na gida, yaro ya karya kan noti ya lallaɓa ya rufe don kar oga ya mare shi, sai mai mota ya kai Zariya abin ya tashi. Wallahi yaranmu basu gaza nasu hannu ba, tsoro ne aka rene su dashi. Asalin abin ma ba daga mota ya fito ba, daga saƙa ne. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa a 1924 wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, ɗansa Kiichiro ya kafa kamfanin motar Toyota a 1937 da wannan tunanin, daga baya wani injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya kawo tsarin kar a ƙera komai sai wanda ke gaba ya buƙata, da ɗan kati dake bin kowane akwatin kaya. Ko wannan QR da kake sikanin a waya, 'yan Denso ne, kamfanin dake ƙera sassan mota, suka ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun kayan mota. Motar Toyota Prius kuma mai haɗa fetur da batir ta fito a 1997. Mutane na zaton wasu 'yan baiwa ne a ɗaki suke ƙirƙira, alhali yawanci ƙananan gyare-gyare ne, ma'aikaci ya rubuta a takarda cewa in aka matso da tebur ɗin nan kaɗan zan daina sunkuyawa, a gwada, in yayi a mayar dashi ƙa'ida.

To kaga duk wannan magana ce da rubutu. Wanda baya jin Japananci ba zai iya kai rahoto ba, ba zai iya rubuta shawara ba, sai ya zama hannu kawai. Turanci a cikin masana'anta kusan baya amfani.

Tambayarka ta biyu kuwa, eh gaskiya ne, har suna gareshi, karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. Tun 2019 doka ta ƙayyade obataim awa 45 a wata, 360 a shekara, duk da akwai ƙofar ƙari in an yi yarjejeniya. Manyan kamfanoni suna kiyayewa, ƙananan ne sai a hankali, kuma har yanzu akwai kunyar tashi kafin na gaba da kai ya tashi. Kar kuma ka ɗauka waliyyai ne, a Disambar 2023 Daihatsu, kamfanin mota dake ƙarƙashin Toyota, ta dakatar da fitar da motocinta gaba ɗaya bayan an gano an daɗe ana maguɗi a gwajin lafiyar mota, masu bincike suka ce matsin lamba ne na sai an gama a kan lokaci. Wato inda aka hana mutane faɗin matsala, su ma ɓoyewa suke yi. Ga tsayuwa wuni guda kana maimaita abu ɗaya kusan duk minti, sati ɗaya safe sati ɗaya dare. Juma'a ranar aiki ce, akwai masallaci a Nagoya amma samun zuwa sai ka roƙi alfarma tun da wuri. Abinci sai ka koyi karanta bayan leda saboda alade da giya. Kaɗaici ma ba ƙarami bane, za'a girmama ka amma a daɗe ba'a ce ka shigo gida ba.

Ƙofofin gaskiya dai gasu. Akwai tallafin karatu na MEXT, wato ma'aikatar ilimi ta Japan, da ake nema ta ofishin jakadancin Japan a Abuja, ba'a biyan ko kobo wajen nema, sai dai ka duba sharaɗin shekaru da kyau. Akwai shirin ABE na gwamnatin Japan don matasan Afirka, da aka fara sanarwa a 2013, na masu digiri ne dake son mastas haɗe da horo a kamfani. Wadda nake ganin tafi dacewa da kai ita ce makarantar koyon yare, daga nan kwalejin kanikanci ta shekara biyu ka samu lasisinsu, don suna ƙarancin makanikai sosai, kowace sabuwar motar gida tilas a kai ta duba bayan shekara uku da saye, daga nan duk shekara biyu. Sai dai da tsada, ɗalibi kuma awa 28 kacal aka yarda yayi aiki a sati, wanda ya wuce haka bizarsa yake wasa da ita, don haka kar ka taho da lissafin aikin gefe zai biya maka komai.

Ka fara da hiragana da katakana, wato haruffan Japananci, tun yau, kowanne harafi 46 ne, a waya ma zaka koya. Jarabawar JLPT, ta gwada ƙwarewa a Japananci, daga N5 take hawa zuwa N1, kwalejojin nan galibi matakin N2 suke so. Ka turo min sakamakon diflomarka da shekarunka in duba wacce zaka iya nema bana. Ka gaida su Baba.