Mace na zaɓar mace? Ga abin da na gani a rumfarmu

'Yar'uwa, kin tambaya ko mata kan zaɓi mace a zaɓen 'yan majalisa, maza kuma su zaɓi namiji. Ni dai sau uku ina zama wakiliyar jam'iyya a rumfarmu ta zaɓe da ke Nyanya, Abuja, kuma ban ga haka ba.

Ki tuna fa, takardar ƙuri'armu ba hoton ɗan takara, ba sunansa, tambarin jam'iyya ne kawai. Tsohuwa za ta zo tun da sassafe da 'yar kujerarta, ta sha rana a layi, in ta matso sai ta raɗa min, "'Yar nan, ina laimar take?" ko "Ina tsintsiya?" Har yau ban ji wadda ta ce a nuna mata inda mace take ba. Wasu ma sai an gama ƙirga suke sanin wanda suka tura majalisa.

Za a ce ai Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda a takarar sanatan Abuja a 2023. Haka ne, amma rana ɗaya aka yi da zaɓen shugaban ƙasa, guguwar Peter Obi, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarta ta LP, kuma ta kwashe Abuja. Da aka karanta sakamako a rumfarmu, samari ne suka fi kowa ihu. Kuma ba yau aka fara ba, tun 1999 Abuja ta zaɓi Khairat Gwadabe sanata.

Inda ake kayar da mace shi ne zaɓen fidda gwani, tun kafin ni da ke mu ga ƙuri'a. Taro ƙarfe biyun dare a otal, wane miji ne zai bar ki? Ga kuɗin daliget. Sarah Jibril ta nemi tikitin shugaban ƙasa a PDP a 2011, ƙuri'a ɗaya tak ta samu, alhali akwai mata cikin daliget ɗin. Ta yaya ba za a tashi da mata huɗu cikin sanatoci 109 ba bayan zaɓen 2023?

Mu ma dai ba a wanke mu ba. Wata ta fito takarar kansila a unguwarmu, na ɗauki fastarta na shiga gida-gida. Maƙwabciyata, wadda muke adashi tare, ta juya fastar ta ce, "Wannan ai ba 'yar nan ba ce, aure ya kawo ta." Ita ma fa aure ne ya kawo ta daga Zariya. Mijinta ne ya karɓa ya liƙa a ƙofar shagonsa.