Amsa ga Dakta: wane gidan gasasshen nama za ka kai malaminka a Chicago?

Wa alaikumus salam, Dakta. Na ga tambayarka tun jiya da dare, sai yanzu na samu zama. Ka ce za ka zo taro a McCormick Place, babban zauren tarukan Chicago, a ƙarshen Nuwamba, kana son ka karrama farfesan da ya duba maka aikin digirinka shi da maiɗakinsa, an kuma jero maka sunaye huɗu, Gibsons, Gene & Georgetti, Bavette's da Chicago Cut, ka rasa na ɗauka. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, kuma aikina ya sha kai ni irin waɗannan wurare da baƙi, yawanci da kuɗin ofis, alhamdu lillahi, don da aljihuna ne da ban san rabinsu ba.

Abin da ba wanda ya faɗa min da farko shi ne, naman manyan gidajen nan duk kusan jirgi ɗaya ya kwaso shi. Ma'aikatar noma ta Amurka ce ke auna naman shanu ta ba shi daraja, mafi girma ita ce Prime, wato wanda kitse ya ratsa tsokarsa sirara-sirara kamar zare. Kusan ɗaya cikin goma na shanun da ake yankawa ne ke kai wannan matsayi, kuma duk gidajen da ka lissafa a wannan ajin suke. Don haka ba nama kake zaɓa ba sosai, ɗaki kake zaɓa: hayaniyarsa, haskensa, irin mutanen da ke zama a ciki. Kai kuma hira za ka yi da dattijon da ka daɗe ba ka gani ba.

Amma kafin ɗaki akwai maganar yanka, kuma na ga ba ka taɓo ta ba, wataƙila kunya ce ko mantuwa. Ka ɗauka cewa naman waɗannan gidaje ba yankan Musulmi ba ne sai an tabbatar maka da akasin haka. A yawancin mayankan ƙasar nan ana fara sumar da saniya da wata bindigar ƙarfe a goshi kafin a yanka, ba kuma mai ambaton sunan Allah. Musulman garin nan sun kasu. Akwai masu riƙe da ayar Ma'ida ta abincin Ahlul Kitabi suna ci, akwai waɗanda ba sa taɓawa sai da takardar shaida. Ni ba malami ba ne, ka tambayi wanda ka yarda da shi tun kana gida. Abin da zan iya ba ka shi ne dabara. Ka buga waya da rana, wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu lokacin da ba cunkoso, ka nemi manaja ko babban kuku, ka tambaye shi daga wane kamfani naman yake zuwa. Kada ka ce "halal ne?" kawai, don yarinyar da ke ɗaukar waya za ta iya ce maka e saboda ladabi alhali ba ta san me kake nufi ba. Akwai kamfanin Creekstone Farms a jihar Kansas da namansa ke da shaidar halal, kuma da yawa daga mayankan Ostiraliya masu fitar da nama waje suna da ita, shi ya sa in ka ga wagyu na Ostiraliya, wato naman wasu shanu 'yan asalin Japan da ake kiwo a can, a jerin abinci ya cancanci tambaya. Gidajen suna canza dillali, abin da aka gaya min bara ba lallai ya zama gaskiyar bana ba, ka ji da kunnenka.

In zuciyarka ba ta natsu ba, ba ka yi asara ba. Duk gidajen nan suna da kifi mai kyau da manyan jatan lande. Na sha zama ina cin kifin salmon baƙona yana fama da nama, ba wanda ya ɗaga gira. Bature bai damu da abin da ke farantinka ba matuƙar kai ka gayyace shi.

Inda aka fi kama mu ma ba a naman ba ne, a abin da ke gefensa ne. Bari in ba ka labarin kaina. Shekarata ta biyu, a wani gida da ba zan ambata ba, na yi ta tsantseni a kan nama, na zaɓi kifi, sannan na ce a kawo mana ganye mu raba. Aka kawo wani ɗan ƙaramin kabeji soyayye, da wasu 'yan jajayen gutsattsari a kai masu ƙamshin hayaƙi. Na kai cokali biyu ina yabawa kafin abokin aikina ya dafa hannuna ya ce naman alade ne. A takardar ba a rubuta ba. Tun daga ranar ba na barin mai kawo abinci ya tafi sai na tambaye shi abu biyu: akwai alade a ciki, akwai giya a ciki? Salak ɗin latas da suke yankawa gida huɗu kusan kullum da gutsattsarin alade yake zuwa, haka dankalin da aka gasa aka cusa masa kaya. Miyar da ake zubawa a kan nama kuma, baƙar nan mai kauri da jan giyar inabi ake dafa ta, mai barkonon kuma da barasa mai ƙarfi. Ka ce a kawo maka naman da gishiri da barkono kawai. Nama mai kyau ma ba ya bukatar fiye da haka.

To yanzu gidajen.

Gene & Georgetti shi ne dattijonsu, tun 1941 yake nan a titin Franklin, a wani tsohon gini dab da gadar jirgin ƙasa na sama, kana cin abinci kana jin wucewarsa. 'Yan Italiya biyu ne suka kafa shi, shi ya sa ban da nama akwai taliya iri-iri, wanda zai taimaka in maiɗakin farfesa ba mai son nama ba ce. Ba ƙyale-ƙyale, bango cike da hotunan mutanen da suka ci abinci a wurin shekara da shekaru. In malamin naka ya haura sittin kuma ɗan garin ne, ina kyautata zaton ya taɓa zuwa da mahaifinsa, sunan kawai zai sa shi murmushi.

Gibsons yana titin Rush tun 1989, kuma shi ne wanda kowane direban tasi ya sani. Kafin ka zaɓa, mai kawo abinci zai zo da tire ɗauke da ɗanyen nama yanka-yanka ya yi maka bayanin kowanne, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda bai saba ba. Komai nasu ƙato ne, yankan kek ɗaya sai ya ishi mutum huɗu. Wuri ne na cika da raha, irin na daren Juma'a. In da abokanka na jami'a za ka fita, nan zan ce ka je ba tare da wani tunani ba. Ga hira da dattijo kuwa, sai dai ku je da wuri kafin ya cika.

Bavette's a titin Kinzie shi ne wanda ni na fi jin daɗin abincinsa, amma ba shi zan ba ka ba. An yi shi da salon Faransa, fitilu a rage sosai, kiɗa a hankali, kujerun fata. Ɗakin ango da amarya ne. Samun tebur a can sai an kama makonni kafin ranar, ga shi kai kwanakinka ƙidayayyu ne, kuma a makon manyan taruka gari kan cika da baƙi.

Wanda zan ce ka kama shi ne Chicago Cut, a titin LaSalle, a bakin kogi. Dalilina ba wani mai zurfi ba ne. Gilashi ne daga sama har ƙasa, kana kallon kogin da gadojin ƙarfe da dogayen gine-gine, to ko hira ta tsaya akwai abin nunawa a ci gaba. Wurin ya saba da 'yan kasuwa da lauyoyi masu zuwa tattaunawa, ba wanda zai matsa muku ku tashi. Lokacin kama teburin ka rubuta cewa kana son kusa da taga, ka kuma ce karramawa ce ga malaminka. Ka zaɓi ƙarfe biyar da rabi ko shida. A ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa tun kafin huɗu da rabi, ka ga ka yi Magariba a natse, har Isha ma ta shiga ko ta kusa, kafin ku zauna. In kana tsakiyar gari akwai masallacin Downtown Islamic Center a titin State.

Sai babbar magana, wadda a kanta 'yan'uwanmu suka fi zubar da kuɗi: yadda za a gasa. Mu mun taso da tsire da balangu, nama sai ya gasu har ciki. Nan kuwa za a tambaye ka yaya kake so, kuma harshenka zai yi saurin cewa a gasa sosai. Na yi wannan. Na zaɓi file minyon, wato tsokar nan mai laushi ta ƙarƙashin ƙashin baya wadda kusan ba ta da kitse, na ce a gasa ta har ta mutu. Abin da aka kawo min ya fi kama da tafin takalmi, na tauna har muƙamuƙina ya gaji, na kuma biya kuɗin da zai sayi rabin rago a gida. Laifina ne, ba na kuku ba.

Jan ruwan da ke fitowa in an yanka ba jini ba ne, kai likita ne ka fi ni sani. Jini ya tsiyaye tun a mayanka, wannan ruwa ne da sinadarin da ke ba tsoka launinta. Duk da haka na san ido ba ya jin wa'azi. Abin da nake ba baƙina shawara shi ne su ɗauki ribai, yankan da ake cirowa daga wajen haƙarƙari, su ce midiyam ko midiyam-wel, wato gashi tsaka-tsaki ko ɗan sama da haka. Kitsen da ke cikinsa yana narkewa ya jiƙa naman, ko an ƙara masa wuta ba ya bushewa. Idan aka ajiye maka, mai kawo abincin kan tsaya ya ce ka yanka tsakiya ka gani, a wurare masu duhu har ɗan tocila yake haska maka. In ya yi maka ja da yawa ka ce a mayar a ƙara, ba abin kunya ba ne, minti uku ne. Wanda ya wuce wuta ne ba ya dawowa.

Za ka kuma ga an rubuta cewa wani naman an ajiye shi ya tsufa a bushe. Ana jera shi ne a ɗakin sanyi mako uku zuwa shida, iska tana kaɗa shi, ruwansa ya ragu, bayansa ya yi ɓawo baƙi a fere a zubar. Abin da ya rage ya fi laushi, ya fi tsada, yana kuma da wani ɗan ƙamshi mai nauyi da ni yake tuna min da daddawa. Wasu suna mutuwar sonsa, matata kuwa cewa ta yi naman ya fara lalacewa. A karon farko, da baƙi a gabanka, ka bar wa farfesa wannan in yana so.

Ka lura da nauyi. Da oza suke rubutawa, oza 16 ta kusa rabin kilo, kuma akwai yanka masu oza 22 zuwa sama. Mutum uku, nama uku, da abin haɗawa biyu a tsakiya, dankali da alayyafo ko naman kazan nan na tsiro (mushroom), ya wadatar har a yi saura. Kuɗin da ke gaban sunan nama na naman ne tsuransa, ko dankali ɗaya ba ya biyo shi. A zuwana na baya-bayan nan yanka ɗaya yana kamawa daga dala 60 zuwa sama da 100. A kan jimilla za a ɗora haraji kusan kashi 12 cikin 100 a tsakiyar gari, sannan tukuicin mai kawo abinci kashi 20, wanda a nan ba alheri ba ne, hakkinsa ne. Ku uku, ka ware dala 400 zuwa 500 ba tare da giya ba. Ita ma giyar ka yanke shawara tun yanzu, don za a miƙa wa baƙinka takardarta da zarar kun zauna. Ni nakan faɗa tun a saƙon gayyata cewa abinci nawa ne amma ba na sayen giya, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Yawanci ma sai su ce ruwa ya ishe su.

In hira ta kai ga dalilin da ya sa garin nan ya yi suna da nama, kana da abin faɗa. Nan ne aka yi babbar karar shanu ta Amurka, Union Stock Yards, daga 1865 har aka rufe ta a 1971, jiragen ƙasa suna kwaso dabbobi daga yamma ana yankawa ana rarraba wa ƙasa. Yau ƙofar dutsen ce kawai ta rage a kudancin gari, da kan sa a sassaƙe a samanta.

Ka sa kwat ko kaftani mai kyau, duk biyun na gani a can kuma ba wanda aka tsayar. Amma ka ɗora babbar rigar sanyi, iskar da ke bin kogin nan a Nuwamba ba irin hunturun Kano ba ce. Kada ka yi hayar mota don wannan fita, kuɗin ajiye ta kaɗai ya isa tasi zuwa da dawowa.

Washegari in kana da sarari ka yi min magana ta akwatin sirri, in ɗauke ka mu je titin Devon a arewacin gari. Can ne 'yan Pakistan da Indiya suke da mahautansu da gidajen abincinsu na halal a jere, kuma ina da sauran yajin ƙuli da aka kawo min daga gida a watan Agusta.