Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Imel Ke Ƙin Babban Fayil, Yake Kuma Ɓata Harafin Ƙ?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Mabera, Sakkwato. Na tura wa wani ofishi takardun ɗalibi masu nauyin megabait 20, su kuma sun ce iyakarsu 25, amma saƙon ya dawo wai ya yi girma. Sannan wani lokaci in na rubuta "ƙasa", sai ta isa a "Æ™asa". Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya, kuma ta girmi shagonka nesa ba kusa ba.

A 1971 Ray Tomlinson, injiniya a kamfanin BBN da ke Amurka, ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta hanyar ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da na na'urarsa. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP, wadda har yau a kanta saƙonni ke tafiya. Rubutu zalla aka gina ta ta ɗauka, da alamomi 128 na ASCII, wato haruffan Turanci, lambobi da 'yan alamomin rubutu. Babu hoto, babu ƙ, ɗ ko ɓ.

Da bukatar aika fayil ta taso, ba su rushe ginin ba. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da MIME, dabarar da ke mayar da hoto ko PDF haruffa, ta yadda tsohuwar na'ura za ta wuce da shi tana zaton wasiƙa ce. A ganinmu hikima ce, don ba wanda aka tilasta wa sauya kayan aiki rana ɗaya, amma kai ke biyan kuɗin. Tsarin Base64 da MIME ke amfani da shi yana mayar da kowane bait 3 (bait shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin nauyin fayil) haruffa 4, yana kuma yanka layi duk bayan haruffa 76. Saboda haka megabait 20 ɗinka kan kumbura ya haura 27 a hanya, kuma kumburarren ne na'urar ofishin ta auna.

In iyaka 25 ce, kada fayil ya wuce 18. Rage ingancin sikanin zuwa dpi (yawan ɗigo a kowane inci) 150 ko 200, ka cire kala in takardar rubutu ce kawai. Matse shi da zip ba zai taimaka sosai ba, domin hoton sikani irin na JPEG a matse yake tun asali. In ya ƙi, raba shi saƙo biyu.

Harafin ƙ kuwa, a UTF-8, tsarin adana haruffa na zamani, bait biyu ne. A saman kowane saƙo akwai layin da ke faɗin tsarin da aka yi rubutun da shi. In layin ya ɓace ko ya faɗi ba daidai ba, manhajar mai karɓa takan karanta da tsohon tsarin Windows-1252, ta ɗauki kowane bait harafi mai zaman kansa: na farko Æ, na biyu ™. Shiga saitin manhajarka ka zaɓi UTF-8 ga saƙonni masu fita.

Amma in abin da ya isa "}asa" ne ko "]aya", wannan ba laifin imel ba ne. Tsohon fon ɗin Hausa ne da ke aron wata alama ya zana ƙ ko ɗ a kanta, wanda ba shi da fon ɗin kuma alamar yake gani tsirara. Sai ka sake buga haruffan da allon rubutu na Hausa mai Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya a duniya, kafin ka tura.